Sojojin da Yayana Ya Mayar Masu Yankan Kifi

Yayana Tokuji bai taɓa sayen abin wasa ba, ko lokacin da 'ya'yansa suke ƙanana. Akwatin da ya shigo da shi gida ran wata Lahadi ma ba don abin da ke ciki ya saye shi ba. Ya je kasuwar tsofaffin kaya da ake ci a harabar wurin ibadar unguwarmu, ya ga akwatin katako mai aljihu shida, ya ce wannan zai yi daidai da ƙugiyoyinsa na kamun kifi. Mai kayan ya ce shi ba zai juye komai ba, in yana so ya ɗauka da abin da ke ciki. Da ya isa gida ya jawo aljihun farko, sai ga mutane sun zubo a kan tabarma. Sojoji ne na roba, ruwan toka, kowanne bai kai tsawon ƙaramin yatsa ba, da garkuwa da hular ƙarfe da gajeren takobi. Matarsa Masae ta ce sun haura ɗari uku.

A lokacin shekarunsa sittin da uku, wata huɗu da yin ritaya. Tun yana ɗan sha biyar yake yankan kifi a wata masana'anta a nan Yaizu, garinmu na bakin teku, kifaye irin su tuna da katsuo, har kafaɗarsa ta dama ta daina ɗaguwa, ya ajiye wuƙa ba don ya so ba. Ni ce ƙanwarsa Sachie. Ina da ɗan gidan abinci mai kujera goma sha biyu kusa da kasuwar kifi, kuma tun da ya bar aiki kullum sai ya zo ya kame kujerar ƙarshe, ya sha shayi, ya hana ni sakat da tambaya.

Tambaya halinsa ce tun muna yara. Ya taɓa bin mahaifiyarmu daga ɗakin girki har bakin rijiya yana son ta gaya masa dalilin da ya sa wani kifi idanunsa biyu suke gefe ɗaya, sai da ta ɗaga masa ludayi. Karatu bai yi nisa da shi ba, littafi kuwa barci yake sa shi. Amma in abu ya tsaya masa a rai, to kowa ya shiga uku.

Ran Litinin ya ajiye soja ɗaya a kan teburina, kusa da kwalbar barkono.

"Sachie, wannan ɗan ina ne?"

"Ina zan sani, Yaya? Ga shi nan a gabanka, tambaye shi."

"Dubi ƙafarsa. Takalmi a buɗe, ba safa. Garinsu ba sanyi ke nan."

"Ko kuma mai gidansu marowaci ne irin naku."

Bai ko yi murmushi ba. Ya juya sojan baya, ya ƙura masa ido. "Ba jakar abinci. Mutum da wannan ƙarfe duka a jikinsa, me yake ci?"

Washegari ya hau jirgin ƙasa zuwa Shizuoka da sojan a aljihun riga. A wani shagon da ake sayar da irin waɗannan kaya aka gaya masa Barume ne, sojan daular Rum na shekara dubu biyu da suka wuce. Mai shagon ya ga tambayoyin ba za su ƙare ba, sai ya tura shi wurin wata ƙungiya da ke haɗuwa duk Asabar da rana a wani ɗaki na zauren unguwa. Dattawa tara ne. Kowanne yana da allon katako, a kai yana gina tudu da kogi da ganuwa da farar ƙasa da soso, ya jera sojojin da ya fenta ɗaya bayan ɗaya, har sai wurin ya zama filin yaƙi da za ka iya rungume shi da hannu biyu. Shugabansu Kurebayashi ne, tsohon malamin tarihi a sakandare, don haka kowa Sensei yake ce masa, wato Malam. Mutum ne siriri mai son a yi abu daidai. Yana iya ɓata rabin yini a kan ko jan da ke jikin garkuwa ya yi duhu da yawa.

Shekarar farko Yaya fenti kawai ya koya. Kafaɗa ta lalace, amma yatsun da suka yi shekara arba'in da takwas suna raba tsoka da ƙaya ba sa rawa. Ya sayi gilashin ƙara girma mai ɗauri a ka, da hantsaki, da burushi mai gashi kamar uku. Masae ta ce ɗakin da 'yarsu ta bari ya koma warin fenti da gam, amma gara haka da ya zauna yana gaya mata yadda ake wanke shinkafa. Abin da ya dame shi shi ne har yanzu ba wanda ya ba shi amsar da ta gamsar da shi. Sensei ya ce alkama suke ci, da man zaitun, da wani romon kifi mai gishiri da suke kira garum, wanda suke zubawa a kusan komai.

"Romon kifi? Wa yake yi musu?"

"Akwai masu yi mana."

"Su wa? A ina? Da wane kifi?"

"Toku-san," in ji Sensei, da yake haka suke kiran Yaya, "mu nan yaƙi muke ginawa, ba ɗakin girki ba."

Ranar da ya faɗo shagona da takarda a hannu, ina tsakiyar soya kifin rana. Ya je ɗakin karatu na gari, wurin da bai taɓa taka ƙafa ba sai a wannan shekarar, ya yi ta buɗe manyan littattafai masu hotuna. A ciki ya ga hoton wani kango a bakin tekun Sifen: ganuwar dutse da ta rushe zuwa ƙugu, da wasu ramuka masu kusurwa huɗu a jere kamar tankunan ruwa. Ya sa an ɗaukar masa kwafi.

"Duba nan, Sachie. Me kika gani?"

"Duwatsu. Matsa, mai zai fantsal maka."

"Masana'anta ce! Ga teku nan, ta nan kifi yake shigowa. Wannan fili da ba komai, nan ake yanka, kuma na rantse ƙasar a karkace take don jini da ruwa su gangara. Waɗannan ramukan na gishiri ne. Ba wanda ya gaya mini, ban ma karanta rubutun ƙasa ba. Ina gani na san inda zan tsaya in aka ba ni wuƙa."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba tun ranar da aka haifa masa ɗan fari. Ya ce shi ya gama da yaƙi. Wannan wurin zai gina, da mutanensa a ciki suna aiki.

Matsalar ita ce ba mai sayar da ma'aikatan kifi na Rum. Sojoji ake yi, da dawakai, da giwayen yaƙi. Sai ya koma kan akwatinsa. Ya riƙa ɗauko soja, ya fere hular ƙarfen da wuƙa mai tsini, ya kankare sulken, ya tsoma hannun a ruwan zafi ya lanƙwasa shi yadda yake so, sannan ya liƙa masa gajeriyar riga da wani danƙo da yake taurarewa in ya kwana. Ranar da ya kai goma na farko zauren, Sensei ya ɗauki ɗaya ya kai kusa da ido, sai ya dafe ƙirji.

"Kai, Toku-san! Wannan ai mai riƙe da tutar runduna ne! Shekara talatin ke nan da aka daina yin irinsa. Ni kaina na neme shi ban samu ba!"

"Yanzu kwandon gishiri yake ɗauka, Sensei. Ya samu aikin yi."

Sauran dattawan suka yi ta dariya, ɗaya har da tari. Sensei bai yi masa magana ba har aka tashi. Amma Asabar ta gaba ya zo da littattafai uku da ya sa wa alama da 'yan takardu, ya tura masa su a kan tebur, ya ce in dai za a lalata sojoji, to a lalata su bisa ilimi.

Littattafan sun faɗi girman ramukan da siffar tulunan da ake zuba romon, masu dogon wuya da hannu biyu. Ba su faɗi yadda mutum yake tsayawa a gaban tuna mai nauyin mutum biyu ba. Wannan Yaya ya sani a jikinsa. Ya ce ƙafar hagu a gaba take, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kuma ba wanda yake yanka da ƙarfin hannu, da ƙugu ake yi. Da yake ba ya ganin bayansa, sai ya sa Masae ta tsaya a tsakar ɗaki da matashin kai a matsayin kifi da ludayi a matsayin wuƙa, shi yana zagaya ta yana dubawa. Na shiga gidan wata rana na same su a haka.

"Mama, sauke kafaɗar. Haka kike yi za ki yanke yatsa."

"Baban yara, matashi ne fa."

"Ko matashi ne. Sauke."

Ta dube ni ta ce, "Shekara arba'in ina aure, yau na zama Barumiya."

Kafin bazara ta shigo ya gama ginin, da rufin da ake iya ɗagawa a ga ciki, da kifaye arba'in da ya murza da danƙo ɗaya bayan ɗaya. Saura ramukan. Nan ya tsaya cak. Ya san zai zuba wani ruwan gam da ke daskarewa kamar gilashi, amma wane launi? Sensei ya duba duk abin da yake da shi. An ce kayan cikin kifi ake haɗawa da gishiri a bar su a rana wata biyu ko uku, ana juyawa. Ba wanda ya rubuta yadda abin yake a ido a mako na biyu ko na shida.

"Sa ruwan ƙasa kawai," in ji Sensei. "Wa zai ƙaryata ka? Duk sun mutu."

"Ramuka takwas ne, Sensei. Ba rana ɗaya aka cika su ba. Ba yadda za a yi launinsu ya zama ɗaya."

A farkon Yuni ya je wurin tsofaffin abokan aikinsa ya karɓo bokiti biyu na hanji da jinin kifi, ya zuba gishiri da ka, ya rufe da gidan sauro, ya ajiye a bayan gidansa kusa da shingen maƙwabta. Bai yi lissafin ruwan Yuni ba. Rana ta ɓuya kwana goma, iska ta yi nauyi, gishirin kuma ya yi kaɗan. Ni a Yaizu aka haife ni, warin kifi ba ya tayar mini da hankali, amma ranar da na je tun daga kan kwana na rufe hanci da hannun riga. Kuliyoyin unguwa sun jeru a kan shinge kamar masu jiran bas.

Maƙwabciyarsu Oishi-san, mace mai kunya wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba, ta zo ƙofar gida da kwalin alewa a hannu, ta rusuna ta ce, "Ku gafarce ni, ba wai ina ƙorafi ba ne. Ina so ne in tambaya ko wani abu ya mutu a ƙarƙashin gidanku, don in haka ne ƙanena yana da shebur."

Masae ta rusuna har sau biyar. Da matar ta tafi ta juyo kan Yaya ta ce ko bokitan su bar gidan yau, ko ita ta tafi wurin 'yarta a Hamamatsu, ya zaɓa. Ya zubar da su, ya wanke wurin, ya kai wa maƙwabta tawul da ban haƙuri gida gida. Na ɗauka magana ta ƙare.

Ƙarshen Yuli, da rana ta buɗe, ya zauna a kujerarsa ya sha shayi kofi biyu bai yi tambaya ko ɗaya ba. Nan na san akwai abu.

"Sachie, rufin shagon nan naki shimfiɗaɗɗe ne, ko?"

"A'a, Yaya."

"Ban ce komai ba tukuna."

"Na ce a'a. Abinci nake sayarwa."

"Iska daga tudu take zuwa ta wuce teku. Ba wanda zai ji. Kuma na gano kuskurena, gishirin ne. Ke ba kya son ki san yadda abin yake?"

Gaskiyar magana ina so. Shekara talatin ina girki, kuma ga abin da aka ce mutanen wata babbar daula ba sa cin abinci sai da shi. Na ce masa kwana bakwai, in na ji wari a ƙasa zan zubar da kaina.

Wannan karon tulunan ƙasa ya samo guda uku, ya auna gishirin a ma'aunina, ya cika su mako biyu biyu a tsakani. Kullum da safe sai ya hau tsani da hannu ɗaya mai lafiya, da sandar gora ta juyawa, da akwatin fenti a wuya. Ya juya, ya duba, ya haɗa fenti har ya yi daidai da abin da ke cikin tulun, ya shafa a kan farin kati ya rubuta rana. Da farko abin ja ne mai duhu kamar hanta. Ya koma toka toka, mai kauri, ba kyan gani. Can wajen mako na biyar sai ya fara rabuwa, laka a ƙasa, wani ruwa a sama. Warin bai sauko ba. In ka hau sama ka ji shi, ba na ruɓa ba ne, irin na kayan cikin katsuo da kakarmu take gishirtawa a tulu ne.

"Ashe Rumawan nan 'yan uwanmu ne," in ji shi.

A watan Satumba aka yi sanarwar guguwar teku. Kowa yana ɗaure tukwanen fure da kekuna, mu kuwa ni da shi da Masae muna sauko da tuluna daga rufi da igiya, ruwa yana dukanmu. Masae ce take riƙe da tsanin tana faɗa, amma ita ce ta ce a sa su a ɗakin wankanta na gida har iska ta wuce.

A tsakiyar Oktoba ya tace tulun farko da ƙyalle. Abin da ya sauko ruwa ne garau, launin zuma mai duhu, in ka ɗaga kwalbar rana tana ratsa shi. Na tafasa kaɗan don hankalina ya kwanta, na ɗiga a kan dafaffen kabeji da farar shinkafa. Ya gayyato Sensei. Sensei ya zo da rigar kwat, ya zauna ya daɗe yana kallon kwanon.

"Shekara talatin da biyar ina gaya wa yara sunan abin nan," ya ce. "Ban taɓa tunanin zan sa shi a baki ba. In na mutu, ku gaya wa matata a kan aikin tarihi na mutu."

Ya ci loma ɗaya. Ya tauna a hankali. Ya ƙara ta biyu, sannan ya miƙo mini kwanon ya ce ko akwai sauran shinkafa.

Da katunan nan Yaya ya cika ramukansa takwas, kowanne da launinsa. Lokacin sanyi ya ƙare a kan mutane. Su talatin da ɗaya ne: masu jan kifi daga kwalekwale, masu yanka, masu zuba gishiri, mata biyu suna wanke tuluna, da wasu uku a bakin ƙofa suna cin burodi suna dariya. Waɗannan ukun ya fi so. Ya ce fuskar ɗaya ta wani abokin aikinsa ce da ya rasu, wanda ba ya iya cin abincin rana sai ya ba da labarin ƙarya.

Wata biyu kafin baje kolin ƙungiyoyi da ake yi a Shizuoka duk watan Mayu, Sensei ya zo gidan ya ga allon. Ina nan, na kawo musu abinci. Ya daɗe yana dubawa, ya yaba rufin, ya yaba kifayen, sannan ya cire tabarau ya goge.

"Toku-san, akwai abin da ya kamata in faɗa tun tuni. Irin wannan aiki a zamanin, da yawa daga masu yinsa bayi ne. Ba zan rantse a kan wannan wurin ba. Amma da wuya a ce duka 'ya'ya ne masu tashi su tafi gida in sun gama."

Yaya ya ƙura wa masu cin burodin nan uku ido. Sensei ya ci gaba.

"Ba cewa nake ka canza ba. Na ga kamar ka gina masana'antarku ne."

"Bawa ba ya dariya, Sensei?"

"Ban sani ba. Littattafan ba su faɗa ba. Ba bayin ne suka rubuta su ba."

Kwana tara bai taɓa allon ba. Yana zuwa shago ya zauna, shayi ya huce a gabansa. A rana ta goma ya ce da ni, "Kin tuna shekarata ta farko a wurin aiki, da nake kwana can?" Na ce ina ƙarama, abin da na tuna kawai hannunsa ne duk tsaguwa in ya zo gida. Ya ce akwai wani mai kula da su a lokacin, mutum mai sanda, wanda ba ya taɓa kifi. "Ba bayi ba ne mu, kar ki ji na ce haka. Ina da gidan da zan koma. Amma muna dariya, Sachie, kullum muna yi. Sai dai ba ma yi ta inda zai gani."

Ya koma ya ɗauko soja ɗaya daga akwatin. Wannan bai lanƙwasa masa baya ba. Ya yi masa doguwar riga mai tsabta, ya sa masa sanda a hannu, ya tsayar da shi a inuwar ginshiƙi. Sannan ya cire masu cin burodin nan uku daga bakin ƙofa ya kai su bayan tarin tuluna, a tsugune, ya yanke wuyan ɗaya ya juya kan yadda ido ɗaya yana kan mai sandan. Dariyar tana nan a fuskokinsu. Masu yankan da ke kusa da ginshiƙin kuwa ya sunkuyar da kawunansu ƙasa kaɗan. Abin da ya canza bai fi faɗin tafin hannu ba, amma da na sake kallon allon sai na ji ba na son in yi magana da ƙarfi.

Ranar baje kolin na rufe shago na bi su. Zauren cike yake da tankokin yaƙi da jiragen sama da jiragen ruwa, teburi bayan teburi. A teburin ƙungiyarsu allon Yaya yana tsakanin yaƙin giwaye na Sensei da wata ganuwa da ake kai wa hari. Yawancin mutane giwayen suke ɗauka hoto. Wasu su leƙa nasa su ce, "Ina yaƙin?" su wuce. Shi ko a jikinsa. Duk wanda ya tsaya sai ya ɗaga masa rufin, ya nuna masa katunan launi, har mutum ya fara neman hanyar gudu.

Bayan azahar wata tsohuwa ta tsaya. Gajeriya ce, da sandar dogarawa, 'yarta ce ta kawo ta don mijin 'yar yana da teburi a can gaba. Ba ta kalli giwa ba. Ta sunkuya a kan allon har hancinta ya kusa taɓa rufin. Na dubi yatsunta na ga duk sun karkace a gaɓa, na san aikin da ta yi.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Ka yi yanka?"

"Shekara arba'in da takwas, a Yaizu."

"Ni hamsin da ɗaya, a Numazu. Sunana Serizawa. Tsayuwar ta yi. Wancan na ƙarshe sabon shiga ne, ko? Ya riƙe wuƙar kamar zai yi rubutu."

"Sabon shiga ne!" Yaya ya kusa tsalle. "Da gangan na yi shi haka, ba wanda ya lura!"

"To, ina suke wasa wuƙa?"

Ta nuna masu yankan da yatsa.

"Mutum takwas suna yanka tuna tun safe, ba dutsen wasa wuƙa ko ɗaya? Da haƙori za su ƙarasa?"

Na ga kunnuwansa sun yi ja. Mutumin da kullum kafin ya sha shayin safe sai ya wasa wuƙarsa, har dutsensa na aiki yana nan a gida ya lotse a tsakiya. Ya dubi allon daga wannan kusurwa zuwa waccan kamar dutsen zai fito da kansa. Sensei ya juya baya yana gyara wata giwa da ba abin da ya same ta, kafaɗunsa suna rawa don dariyar da yake ɓoyewa.

"Gobe kina nan, Baba?"

"In 'yata ta kawo ni."

Bai jira an tashi ba. Ya fita wurin ajiye motoci ya tsinto tsakuwa, ya ari magagari a teburin wasu masu jiragen ruwa, ya zauna a ƙasa a bayan teburinsu yana gogawa. Kafin a rufe zauren ya fitar da dutse kamar ƙwayar shinkafa, da ɗan lotsawa a tsakiya. Ya ɗora shi a kan wani guntun katako kusa da magudanar ruwa, ya ɗiga gam mai ƙyalli don ya zama a jiƙe.

Washegari ta dawo, ba ita kaɗai ba, da ƙawayenta biyu da suka yi aiki tare. Suka kewaye allon su uku da sandunansu, suka tare hanya, har masu son ganin giwaye suka riƙa leƙe ta saman kawunansu. Serizawa-san ta ga dutsen ta gyaɗa kai. Ɗaya ƙawar ta nuna masu dariya a bayan tuluna ta ce su ma wurin ɓuyansu bayan injin ƙanƙara ne. Suka yi ta gardama a kan ko kwandon gishirin ya yi nisa da ramuka, Yaya yana rubuta duk abin da suka ce a bayan katunan launinsa.

Allon yanzu yana shagona, a kan kanta, cikin akwatin gilashi, don Masae ta ce ɗakin ya cika. Masu cin abincin rana yawancinsu ma'aikatan kifi ne, har da samari 'yan Indonesiya da suke aiki a masana'antu yanzu, kuma da wuya mako ya wuce wani bai sami abin gyarawa ba. An ƙara guga biyu, an matsar da kwandon gishirin, an sa tsumma a kafaɗar mai jan kifi. Serizawa-san takan aiko masa da kati daga Numazu in ta tuna wani abu. Na baya bayan nan layi ɗaya ne: mutum talatin da biyu suna aiki cikin gishiri a rana, ina ruwan shansu? Yaya ya karanta a tsaye, ya sa hularsa, ya tafi ɗakin karatu neman yadda rijiyar Rumawa take.